Likitan Da Ya Gano Asirin Amosanin Jini

A wannan mako ina so in ba ku labarin wani masani, Likita Anthony Allison, domin aikinsa ya shafi gidaje da yawa a ƙasarmu, ko da ya ke kaɗan ne suka san sunansa.

An haife shi a Afirka ta Kudu cikin 1925, ya girma a gonar ubansa a Kenya, ya yi karatun likita a Okasfod ta Ingila. Cikin 1949 ya koma Kenya yana ɗiban jinin kabilu dabam dabam yana aunawa. Abin da ya tarar ya ba shi mamaki. A bakin teku da gaɓar Tabkin Biktoriya, fiye da mutum 20 cikin 100 suna ɗauke da irin sikila, watau amosanin jini, wanda ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su zama kamar lauje. A kan tuddai kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

To, ga inda wuyar ta ke. Yaron da ya gaji irin nan daga uwa da uba duka biyu, a wancan zamani da ƙyar ya kan kai girma. Yaya iri mai kashe masu shi tun suna ƙanana zai yi yawa haka, bai ƙare ba? Allison ya lura inda irin ya yi yawa duk ƙasa ce mai zafi da damshi, wadda zazzaɓin cizon sauro ya yi wa katutu. Sai ya sake komowa cikin 1953, ya auna jinin mutane wajen 5,000 a Afirka ta Gabas. Cikin 1954 ya buga abin da ya gano: wanda ya gaji irin daga gefe ɗaya kaɗai, zazzaɓi ba ya cin ƙarfinsa kamar sauran mutane. Saboda haka irin waɗannan su kan tsira, su haifu, su bar wa 'ya'yansu gadon. Daga baya masana da suka yi bincike a Garki, wadda yanzu ke cikin Jihar Jigawa, a shekarun 1970, sun sami abin da ya ƙarfafa maganarsa.

Bai tsaya nan ba. Ya yi shekaru a Landan yana nazarin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki. Daga duban yaran da aka haifa ba su da garkuwar jiki, ya gane wani kashi na dakarun nan hanya ɗaya tak gare su ta samun abin da su ke hayayyafa da shi. In an toshe ta sai su lafa, sauran jiki kuwa yana da wata hanya. Da ya koma kamfanin Syntex a Kalifoniya cikin 1981, shi da matarsa Elsie Eugui suka bi wannan dabara har aka sami maganin da a ke kira CellCept. Amurka ta yarda da shi cikin 1995, ana ba wanda aka dasa wa ƙoda don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar. Allison ya rasu cikin 2014.

'Yan'uwa, abu biyu ya kamata mu riƙe. Na fari, mai gefe ɗaya ba mara lafiya ba ne, kada a ƙyamace shi. Amma kada kuma ya yar da gidan sauro, gama zazzaɓi yana kama shi, tsananinsa ne kurum ke raguwa. Na biyu, idan miji da mata duka suna ɗauke da irin, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. A Nijeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da shi. Lalle ne samari da 'yammata su je asibiti a auna jininsu tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, gama raba tsakani bayan an shaƙu abu ne mai ciwo. Iyaye, ku ne za ku fara ta da zancen.

Sai mako mai zuwa. Wasalam.