Shin ilimin lakwal ya ja baya?

Duk shekara, da an fito da sakamakon jarrabawa, sai a ji dattawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa suna cewa ilimi ya mutu: wai mai satifika na da ya fi mai bak na yau iya rubuta wasiƙa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a yi awon da mudu ɗaya ba.

A shekara ta 1960, sa'ad da Nijar ta samu mulkin kai, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. A zamanin Turawa kuwa, ko cikin waɗannan ƴan kaɗan sai an yi tankaɗe da rairaya kafin a aika da wasu makarantar William Ponty ta Sanigal, inda Diori Hamani da Bubu Hama suka yi karatu. Wanda ya gwada waɗancan zaɓaɓɓu da ƴaƴan manoma da makiyaya da suka cika azuzuwa yau, ya gwada tsaba da hatsin da ba a sheƙe ba. Buɗe wa ɗan kowa ƙofar lakwal ci gaba ne.

Duk da haka kukan dattawa ba na banza ba ne. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara 100 masu gama firamare a Nijar, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 10 ba. Dalilai biyu sun fito fili. Na farko, azuzuwa sun yi yawa, aka cika su da malamai ƴan kwantiragi marasa isasshen horo. Gwajin da aka yi musu a 2017 ya tabbatar da haka. Na biyu, yaro yana fara koyon baƙi cikin Faransanci, harshen da ba ya ji a gidansu.

Maganin ba baƙo ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda yaro ke farawa da Hausa kafin ya shiga Faransanci. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su ma shaidu ne: da harshensu suka kama karatu. Tun da a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, uzuri ya ƙare.

Tsananta jarrabawa kaɗai ba zai gyara komi ba, domin awo ba ya ƙara wa hatsi yawa. Hukumomi su horar da malami, su biya shi a kan kari, su ba yaro littafin farko cikin harshen uwarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.