Dei-Dei: Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa Ba Ta Iso Bakin Kasuwa Ba

Duk ma'aikacin da ke bin hanyar Kubwa zuwa Zuba ya san Dei-Dei da kasuwannin kayan gini da katako da dabbobi. Abin da ba ya hangowa ta tagar mota shi ne waɗanda kasuwannin ke tafiya a kan wuyansu: 'yan dako da 'yan acaɓa da masu tura baro. Da yawansu 'ya'yan iyalan da suka taso daga Maraɗi da Damagaram ne neman abinci, ko waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Zamfara da Katsina. Yaron da ya tsere wa harbi a gida, ya zo kuma ya ga wutar da ta ci kasuwar katako a rikicin watan Mayun 2022, ba abin mamaki ba ne idan barci ya ƙaurace masa. To, wa zai duba shi?

A takarda, an yi tanadi. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun kuɗi. Sai dai likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Mai neman su daga Dei-Dei sai ya nufi Babban Asibitin Ƙasa, ko Gwagwalada, ko Karu, ko ma Barnawa a Kaduna. Ga ɗan dako, wannan kuɗin mota ne da kuɗin kati, haɗe da asarar abincin ranar.

Matsalar da aka fi rainawa, a ganina, ita ce harshe. Zazzaɓi ana gano shi a jini. Damuwa kuwa sai da magana. Matashin da Hausa kaɗai yake ji, ko wanda ɗan bokon da ya taɓa na Faransanci ne, yakan shiga wurin likita da kawunsa a matsayin tafinta, wato mutumin da ya fi jin nauyin faɗin asirinsa a gabansa. Iyayen ma suna tsoron a ce akwai mahaukaci a gidansu, auren ƙannensa mata ya lalace. Saboda haka malami mai ruƙiyya ake fara nema, yaron kuma ya nemi tiramol a ɓoye. In abin ya kai ga yunƙurin kashe kai, sashe na 231 na kundin laifuffukan da Abuja ke aiki da shi ya tanadi ɗauri ko tara, don haka iyali sukan gwammace yin shiru.

Ba sai an jira sabon gini ba. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Ghana, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya na matakin farko suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da malaman addini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da irin waɗannan ma'aikata tun 2008. Abin da Dei-Dei ke buƙata shi ne ma'aikacin jinya mai jin Hausa a asibitin unguwa, da magani a kanta, da fahimtar juna da limaman kasuwa kan lokacin da ya dace a tura yaro asibiti. Duk waɗannan sai sun samu layi a kasafin Babban Birnin Tarayya, kuma daftarinsa ta teburin masu karanta wannan shafi yake bi.