MOTA BA TA JIN ƘISHIRWA

Ya ku 'yan uwa matasa. A wannan makon ina so mu tattauna a kan wata magana wadda wasu za su ga kamar ba ta kai a ɓata mata tawada ba, wato maganar wankin mota a lokacin da ruwa ya yi ƙaranci har ta kai ga ana ƙayyade shi. Amma duk wanda ya dubi sahunmu zai ga cewa a cikinmu ne ake samun direbobi, da yaran mota, da 'yan acaɓa, da masu Keke, da masu sana'ar wankin mota, da kuma waɗanda iyaye ko iyayen gida ke tasa su su wanke mota kowace safiya. Ke nan ko da motar ba tamu ba ce, tiyo da bokiti a hannunmu suke, kuma mu ne muke buɗe famfo, mu ne muke rufe shi.

Abin da nake son faɗa a taƙaice shi ne, idan ruwa ya zama na awo, to mota ita ce ta ƙarshe a layi, bayan mutum da dabba da tukunya. Kuma wannan ba ya nufin a zauna da ƙazanta, domin ana iya tsaftace mota fes da ruwan da bai wuce bokiti biyu ba.

Domin kada a ce zance ne kawai na fatar baki, bari mu dubi abin da ya faru da birnin Cape Town na ƙasar Afirka ta Kudu, birni mai mutane kimanin miliyan 4 a wancan lokacin. Daga shekarar 2015 zuwa 2017 birnin ya jera shekaru uku ruwan sama bai wadata ba, har madatsun ruwan da yake dogaro da su, ciki har da babbarsu mai suna Theewaterskloof, suka kama hanyar ƙafewa. Hukumar birnin ta fara da hana wanke mota da tiyo, sai dai da bokiti. Da abu ya yi tsanani a 2017 sai ta hana wanke mota da ruwan famfo gaba ɗaya. Daga ranar 1 ga Fabrairu, 2018 kuwa, sai aka yanka wa kowane mutum lita 50 a rana, a ciki zai sha, ya yi girki, ya yi wanka da wanki, ya kuma kora bayan gida.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Hukuma ta sanar da wata rana da aka yi wa laƙabi da Ranar Sifiri, wadda a wani lokaci aka ce za ta faɗo 12 ga Afrilu, 2018. Tsarin shi ne idan ruwan madatsun ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100, to za a rufe famfunan yawancin gidaje, kowa ya ɗauki jarka ya je ya bi layi a wurare kusan 200, a ba shi lita 25. Jarka ɗaya ke nan irin ta mai garuwa. Cikin ikon Allah ranar ba ta zo ba, kuma babban dalili shi ne mutanen birnin sun rage ruwan da suke amfani da shi da fiye da rabi, daga kusan lita biliyan 1.2 a rana a 2015 zuwa lita miliyan ɗari biyar da 'yan kai a 2018, sannan daga baya damina ta sauka. A wancan lokacin mota mai ƙura ba abin kunya ba ce a birnin, alama ce ta cewa mai ita yana tare da jama'a.

To yanzu mu zo mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Tiyo idan famfo yana da ƙarfi yana iya zubar da lita 15 a minti ɗaya. Wanda ya bar shi a buɗe na minti 20, yana saɓa mota yana hira ruwa na kwarara a kwata, ya zubar da lita 300. Wannan jarka 12 ke nan, kusan kura guda ta mai garuwa. A awon mutanen Cape Town na 2018, rabon mutum shida ne na yini guda. Abin tambaya a nan shi ne, da wace fuska mutum zai kwarara wa ƙarfe rabon mutum shida, alhali ƙarfen nan kafin ya kai bakin kasuwa ƙura ta sake rufe shi?

Akwai kuma wani darasi a labarin wannan birni da ya kamata mu lura da shi. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa masu hali na Cape Town, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin 100 na mutanen birnin ba, su ne suke amfani da fiye da rabin ruwan da ake sha a gidaje. Ba wai sun fi kowa ƙishirwa ba ne, a'a, ruwan yana tafiya ne wajen cika kududdufin wanka, da shayar da ciyawar ado, da abubuwa makamantansu. Talakan da ke unguwar bayan gari kuwa, da ma can da bokiti yake ɗebo nasa a famfon layi tun kafin a kafa doka. Wato dai dokar ƙayyade ruwa ba ta koya wa talaka wani sabon abu ba, mai tiyo ta zo ta ja wa burki.

Wani zai ce, ai ni ba ruwan gwamnati nake amfani da shi ba, rijiyar burtsatse na haƙa da kuɗina. To ga abin da ya faru a birnin Bengaluru na ƙasar Indiya a 2024. Babban Ministan jihar Karnataka, Siddaramaiah, ya bayyana cewa daga cikin rijiyoyin burtsatse kusan 14,000 na birnin, 6,900 sun ƙafe, kuma birnin yana da giɓin lita miliyan 500 a kowace rana. A watan Maris na wannan shekarar hukumar ruwan birnin ta hana amfani da ruwan sha wajen wanke mota da ban ruwan furanni, ta sa tarar rupi 5,000, kuma cikin 'yan kwanaki aka ci gidaje 22 tara. Abin lura shi ne, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ba shi da katanga. Wanda ya zurfafa rijiyarsa ya sa mata inji, daga rumbu ɗaya yake ja da maƙwabcinsa mai rijiyar guga. Kuɗinka ya haƙa ramin, amma bai halicci ruwan ba.

A garuruwanmu ba mu saba jin hukuma ta kafa irin wannan doka ba, sai dai famfo da kansa ya daɗe da kafa ta. Duk wanda yake zaune a Kano ko Zariya ko Gusau ko Damagaram ya san yadda ake fama idan bazara ta kama, rijiyoyi su ja baya, kuɗin jarka ya tashi, yara ƙanana su makara zuwa makaranta saboda layin ruwa. Bambancinmu da mutanen Cape Town shi ne su an rubuta musu awon a takarda, mu kuwa aljihu da wahala ne suke auna mana. Hausawa kuma sun ce idan ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu da muka zauna gaban malamai ma ba mu buƙatar sai ɗan sanda ya tsaya a kanmu. Mun karanta cewa Manzon Allah (SAW) yana yin alwala da mudu ɗaya, wato cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici, yana wanka da sa'i ɗaya ko abin da ya ɗara kaɗan. Mun kuma karanta a babin taimama cewa wanda yake da ruwa kaɗan, yana tsoron idan ya yi alwala da shi ƙishirwa za ta cutar da shi ko abokin tafiyarsa ko dabbarsa, to ya ajiye ruwan ya yi taimama. Idan har alwala, wadda Sallah ba ta inganta sai da tsarki, tana kauce wa ƙishirwa hanya, ina kuma ga taya da bamba?

Na san akwai masu uzuri na gaskiya. Direban haya zai ce fasinja ba ya shiga mota mai datti, direban gida zai ce idan Alhaji ya fito ya ga ƙura a bodi aikinsa ne a kan siraɗi. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a bar mota ta koma juji. Hasali ma akwai sassan da barinsu da datti ganganci ne da rayukan mutane: gilashin gaba da na baya, da madubai, da fitilu, da lambar mota. Waɗannan kullum ne, musamman a lokacin hunturu da hazo ke rage gani, kuma duka ba za su ci fiye da buta ɗaya da tsumma mai tsabta ba. Haka nan cikin mota, wanda shi ne fasinja ya fi damuwa da shi, shara da kakkaɓe kujeru da shimfiɗu yake so, ba ruwa ba.

Idan kuma wankin bodi ya zama dole, ga yadda ake yi. A kai motar inuwa, ko a yi da sassafe, domin a rana ruwa yana bushewa kafin a goge, a dawo ana ƙarawa. A fara kakkaɓe ƙurar da tsumma mai laushi a hankali, kada a dirza, domin ƙurar tana da yashi, dirza ta a bushe yana karce fenti. Sannan a ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, ta yadda dattin da aka kwaso ba zai koma jikin mota ba. A fara daga rufi a gangaro, a riƙa ɗaukar ɓangare ɗaya ana gamawa ana gogewa da busasshen tawul, tayoyi su zo ƙarshe da sauran ruwan da ya rage. A rage sabulu, domin yawan kumfa shi ne yake cin ruwan ɗauraya, kuma omo mai ƙarfi yana dusashe ƙyallin fenti. Kashin tsuntsu da ƙaron bishiya a cire su nan take da jiƙaƙƙen tsumma, domin su ne suke cin fenti idan suka kwana, ba ƙura ba. Wanda yake da hali ya shafa wa motar man goge bodi lokaci zuwa lokaci, ko ya rufe ta da tamfol idan ya ajiye, zai ga kwanakin da ke tsakanin wanki da wanki sun ƙaru. Bokiti biyu lita 20 ne zuwa 30, sai a kwatanta da 300.

Ba ma dole ba ne ruwan ya zama na sha. Ruwan ɗaurayar kaya na ƙarshe ya isa wanke taya da ƙasan mota. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a ofisoshi da gidajen manya, idan aka tara shi, yana wanke gilashi. Da damina kuma ga indararo yana zuba kyauta, duro kawai yake jira.

Saura 'yan uwanmu masu sana'ar wankin mota, waɗanda da ita suke ci, da ita wasu suke biyan kuɗin makaranta. A Cape Town dokar ta haɗa har da su, kuma masu wanki a bakin titi, waɗanda ba su da jarin sayen injin tace ruwa, su ne suka fi jin jiki. A nan dole a faɗa wa mahukunta gaskiya, cewa ba adalci ba ne a fara da ƙwace bokitin yaro alhali bututu ya fashe a titi yana ambaliya, kuma ciyawar gidan mai mulki tana nan shar. Idan za a yi doka, ta fara daga mai tiyo mafi tsawo. Amma su ma masu sana'ar kada su jira sai an zo an rufe musu waje. Su sa wa tiyo kan da ke tsayar da ruwa idan an saki hannu. Su haɗa kuɗi su yi rami mai ɗaki biyu ko uku, inda ruwan wanki zai taru, yashi da laka su kwanta, a ɗebi na sama a yi jiƙon farko da wankin taya. Wanda ya iya wanke mota goma da ruwan da wani yake wanke biyu, shi ne zai rage a kasuwa ranar da ruwa ya yi tsada, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ga iyayenmu masu motoci kuma, muna roƙo cikin ladabi da su sassauta. Motar da aka wanke jiya ba ta buƙatar wanka yau, gogewa ta ishe ta. Kuma ba ƙaramin abin takaici ba ne a ga ruwa yana malalowa daga ƙarƙashin get ɗin gida, a ƙofar gidan kuma ga almajiri da yarinya riƙe da bokiti suna roƙon a sam musu. Idan ruwan ya yi yawa har haka, a fito da kan famfo ɗaya waje, ladan ya fi na ƙyallin mota daɗewa.

A shekarar 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙi ne na kowane ɗan Adam. Haƙƙin nan kuwa ba a zauren taro ake kare shi ba, a bakin famfo ne, a hannun wanda yake riƙe da tiyo. Saboda haka ya ɗan uwa, daga gobe idan aka miƙo maka makulli aka ce ka wanke mota, ka ajiye tiyo ka ɗauki bokiti biyu, ka kuma koya wa na kusa da kai. Idan mai motar ya tambaye ka dalili, ka yi masa lissafin jarka 12 cikin girmamawa. Mota za ta iya jira, mai ƙishirwa ba zai iya ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga almubazzaranci, Ya sa mu dace. Wassalam.