Haƙoran kare su ne makaminshi

Ɗan uwa mai karatu, na san za ka yi dariya. Ran da na kawo zancen wanke haƙoran kare a ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Dakoro, har wani dattijo ya ce: "Malam, aiki ne ya ƙare maka?" To, saurara ka ji dalilina.

Mu nan ƙasar kiwo ce. Daga Kornaka har kwarin Tarka, da wuya ka iske garke babu kare. Shi ke kwana waje kana barci. Shi ke korar dila daga ƴan tumaki. Addini ma ya yarda a ajiye kare don kiwo, ko gona, ko farauta. To, da mi yake aikin ga? Da haƙora. Manomi ba ya barin hauyarshi ta yi tsatsa. Don mi kai za ka bar haƙoran mai gadinka su ruɓe?

Ni ma sai da na yi asara na gane. Ina da wani kare da ya shekara 7 wurina. Bakinshi ya yi ta wari, ban kula ba. Ya daina cin ƙanzo, ya rame, ya daina fita da dare. Da likitan dabbobi ya buɗe bakin, sai ga dasashi ya kumbura, haƙora suna girgiɗi. A watan nan dila ya ɗauke mini ƴan awaki 2.

Kwikwiyo yana da haƙora 28. Suna zubewa, wajen wata 6 zuwa 7 sai na girma su cika 42. Waɗannan in sun faɗi, ba su sake fitowa. Tuwo da fura da muke ba shi suna manne wa haƙori. Cikin ƴan kwanaki dauɗar ta daskare kamar dutse, ta ci dasashi.

Aikin ba shi da tsada. Ka samu tsumma mai tsabta, ka naɗa a yatsa, ka jiƙa da ruwa. Ka ɗaga leɓen kare a hankali, ka goge bayan haƙora. Kullum ya fi, amma ko sau 3 a mako ya taimaka. Ka fara tun yana kwikwiyo, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka sa mishi man goge bakin mutane, don haɗiyewa yake yi, yana cutar da shi. Kada ka ba shi dafaffen ƙashi: yana tsagewa, ya soke baki ko hanji. In ka gama, ka wanke hannu da sabulu. Tsummanshi da kwanonshi daban.

Amma ga babban gargaɗi. Kada ka sa hannu a bakin karen da ba a yi wa allurar rigakafin hauka ba, ko karen da ba naka ba. Kada ka sa yara aikin ga. Wanke haƙori ba ya hana haukar kare, allura ce ke hanawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawanci a Afirka da Asiya. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ran nan. In aka jira alamu suka fito, babu magani.

Saboda haka, ka fara kai karenka ma'aikatar kiwo a yi mishi allura. Bayan nan ka nemi tsummanka. Dabbar da ke tsaron dukiyarka amana ce a hannunka.