Kira ga Gwamna Radda: a zo Karare a gwada sabis kafin a biya kamfani

Mai girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Radda, Allah ya taimake ka. 

Ni ɗan Karare ne, a ƙasar Batsari. Labari ya iso mu cewa Gwamnatin Tarayya, ta hannun Minista Bosun Tijani, na shirin shimfiɗa wayar fayiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasar nan. Mun yi murna ƙwarai. Fargabarmu ɗaya ce: kada wayar ta tsaya a sakatariya, a yi biki a ce an haɗa Batsari da Safana, mu na ƙauye mu ji a rediyo.

Ranka ya daɗe, mun san zaman babu sabis. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da namu, saboda ɓarayin dajin Rugu. Mun haƙura, tunda don tsaronmu aka yi. Amma a waɗancan watannin sai mutum ya hau babur ya yi doguwar tafiya kafin ya sanar da ɗan'uwansa rasuwa. An dawo da layi, sai dai har yau bai zauna da gindinsa ba. Ƙarfen sabis ɗin da muke dogaro da shi yakan yi kwanaki a mace, a ce mai ya ƙare, ko ma'aikata na tsoron hanya.

Kwanan baya na sayar da buhunan rogo, mai saye ya ce ya turo kuɗi. Daga azahar har la'asar sakaliya muna tsaye, ni da shi, ƙanena ya hau kan tudu ya ɗaga waya sama yana juyi da ita, ko alat zai shigo. Mota ta cika ta tafi ta bar kayan. Mutumin kirki ne, amma mun kusa ɓatawa a kan laifin da ba nasa ba. Ga shi tun Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, kuma abin da mutumin Abuja ke biya shi muke biya. An ce mai ƙorafi ya kira 622. Da wane layin zai kira?

Talabijin kuwa, yaro ya biya kuɗin gidan kallo, hadari na haɗowa hoto ya ɗauke. Tashar jiharmu, KTTV, mun fi jin sunanta a kan ganinta. In fayiba ta iso, ita kaɗai ta isa ta ɗauko intanet da talabijin tare, kuma hadari ba ya tare ta.

Roƙonmu shi ne, duk kamfanin da za a ba aikin yankin nan, kada a auna shi da takardar da ya kawo ofis. A turo ma'aikata su kwana a Karare, da Ruma, da Wagini, da Runka. Su gwada da damina, su gwada ranar kasuwa lokacin da masu POS suka yi yawa, su gwada da tsakar dare, lokacin da kira ɗaya kan ceci gari. A karanta sakamakon da Hausa a rediyo, sannan a biya cikon kuɗin kwangila.

In kamfani ya ce babu riba a ƙauye, ai don irinmu dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF. Muna roƙon ka nema mana rabonmu. A fara da asibiti da makarantu da wurin jami'an tsaro. A binne wayar da zurfi, a nuna wa masu unguwanni inda ta bi, don kada garma ko mai haƙar kwalbati ya tsinke ta. Tsaronta kuwa, mu da matasanmu mun ɗauka.

Allah ya ƙara wa Gwamna lafiya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Ruma da Safana baki ɗaya.