Tsadar Fetur: Ina Man da Muke Saye Yake Tafiya?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, babu tashar mota daga Kazaure zuwa Babura, ko daga Roni zuwa Gwiwa, da ba a yi ta ka-ce-na-ce a kan kuɗin mota ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, ta kai 617 a watan Yulin shekarar, sa'an nan ta wuce naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Mu da ke bakin iyaka kuwa mun riga sauran jama'a ɗanɗanar wannan ɗaci, domin tun a watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa ƙauyuka da dama hannun 'yan bumburutu. Direba ya ƙara wa fasinja, mai kai riɗi da gyaɗa kasuwa ya ƙara wa mai saye, mara lafiyar da za a kai asibiti Kano ya ƙara kwana a gida.

An yi magana da yawa a kan farashin lita. Abin da ban cika jin ana tambaya ba, 'yan'uwa masu karatu, shi ne abin da ke faruwa da litar bayan ta shiga tanki.

Injin da ke cikin kusan kowace mota mai fetur yana bin tsarin da wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya kammala a 1876. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska da fetur cikin silinda, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa fistin ɗin ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Cikin motsi huɗun nan, ɗaya ne kawai yake ba da ƙarfi. Kuma ko a inji mai lafiya, abin da ke zama tafiya bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man ba. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani lagireto ta kwashe ta watsar. Wato in ka sha man naira 9,000, wajen 6,000 iska ka ɗumama da su. Shekara ɗari da hamsin ke nan masu ƙera motoci suna kokawar rage wannan asara, kuma da kyar Toyota ta kai kashi 40 cikin 100 a injin Prius na 2015.

Babban abin da suka gano shi ne cewa fetur yana da ma'auni. Kafin ya ƙone tas, kowane kilo ɗaya nasa yana bukatar iska wajen kilo 14.7. In man ya yi yawa, rarar takan fita ɗanya, ita ce baƙin hayaƙin nan mai sa hawaye. A zamanin Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, kabireta ce ke wannan awo, makaniki kuma da kunne da sukundireba yake daidaita ta. Iyayenmu sun ƙware a wannan ƙwarai. Amma Golf da Sharon da suka cika tashoshinmu injekta gare su. Akwai wata 'yar kwamfuta, wadda a gareji ake kira birenbos, ita ce take yanke yawan man da za a fesa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Ba ta da ido, da abin da aka gaya mata take aiki. Akwai na'ura a bakin salansa mai shanshana hayaƙi ta faɗi ko man ya yi yawa, wadda Volvo ta fara sawa a motocinta a 1976. Akwai kuma wata mai faɗa mata zafin ruwan inji.

To a nan ne muke yi wa kanmu sakiyar da babu ruwa. Da zarar mota ta iso daga Kwatano, abu na farko da akan ba mai ita shawara shi ne a cire tamostat, a kuma haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota har a kashe ta. Hujjar ita ce wai an yi abin ne domin ƙasashen sanyi. Tamostat dai wata 'yar ƙofa ce a kan hanyar ruwa, wadda take rufe har sai inji ya kai zafin digiri 80 zuwa 90, sa'an nan ta buɗe ruwan ya zagaya lagireto. A wannan zafin ne inji ya fi ƙona mai da kyau, ko a Jamus yake ko a Babura. In aka cire ta, musamman da asubar hunturu a kan miƙaƙƙiyar hanya, injin yakan daɗe bai yi ɗumi ba, ko ma ya ƙi kaiwa. Kwamfutar kuma, da yake an gaya mata inji da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai, daidai da wanda ya ja cok a tsohuwar mota ya manta bai mai da shi ba. Rarar man nan tana wanke bakin man da ke jikin silinda, don haka ringi ma yana saurin cinyewa.

Ba zan ɗora wa makanikai laifin duka ba, domin tsoronsu yana da tushe. Tamostat in ta tsufa takan maƙale a rufe, inji ya tafasa, gasket ya ƙone, kuma makanikin ne za a zaga. Ga jabun kayan gyara a kasuwa. Ga mu kuma da ɗura wa lagireto ruwan rijiya, wanda yake barin tsatsa da gasari har bututun su toshe. Motar da ke yawan zafi, galibi lagireton ce ta toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ta daina tashi a kan lokaci. Cire tamostat yana ɓoye ciwon ne kawai, mai mota kuwa ya riƙa biyan kuɗinsa a gidan mai kowace safiya ba tare da ya sani ba.

Haka abin yake da tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake wa laƙabi da indomi. Ana fasa ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Rashinta ya fi cutar da huhun mai tsire da mai tallan da ke bakin tasha fiye da aljihun direba, amma sau da yawa garin cire ta ake tsinka wayar na'urar nan mai shanshana hayaƙi, daga nan kwamfuta ta koma awo da ka. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a cire ƙwan, ko a manna mata sitika. Alhali kuwa motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996, da na fetur na Turai tun 2001, suna da wata kafa a kusa da direba inda ake jona ƙaramar na'ura ta karanto ainihin abin da ke damun motar. A ganina babu aikin da ya fi dacewa da makaranta irin Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure kamar ta haɗa kai da ƙungiyoyin direbobi da na makanikai a koya wa yaran gareji wannan karatu cikin Hausa, na 'yan makonni.

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar ita ce iskar gas ta CNG. Ta kafa shirin a 2023, ta kuma yi alkawarin juya motocin haya kyauta. Dabarar tana da kyau, domin gas ya fi araha, ya fi ƙonewa da tsabta, kuma ƙasarmu tana da shi jibge. Sai dai mota ba ta shan alkawari. Tukunyar gas ba ta kai nisan da tankin fetur ke kaiwa, tana cinye rabin but ɗin da direba ke samun kuɗin kaya da shi, kuma ribarta ta dogara ga samun wurin ɗuri a kan hanyar da mutum yake bi kullum. Bututun da zai kawo gas daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Direban Gwiwa ya fara tambayar inda zai ɗura kafin ya yarda a huda masa but.

A kula kuma, CNG ba gas ɗin girki ba ne. Ana matsa shi a kan ma'aunin bar 200, ninki ashirin ko fiye na tukunyar girki. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta fashe a wurin ɗurin gas a birnin Benin, mutane suka ji munanan raunuka, aka kuma gano cewa tukunyar ta ƙirar mai walda ce. Duk wanda ya ce zai haɗa maka da araha a bayan gida, ka bar masa kayansa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa masu layin juya mota ba. Na'urar da ke sassauta matsin gas ɗin kafin ya shiga inji, da ruwan zafi na inji ake ɗumama ta don kada ta daskare, shi ya sa yawancin motocin da aka juya da fetur suke tashi, sai ruwan ya ɗau zafi su koma gas. Kwamfutar gas ɗin ma daga ta motar take ɗaukar awo. Motar da aka cire wa tamostat, aka tsinka wa wayoyi, za ta daɗe tana shan fetur da safe kafin ta sauya, in ta sauya kuma awon da za ta bi gurɓatacce ne. Wanda ke niyyar shiga shirin gas daga Babura, gyaran da ya kamata ya yi tun 2023 shi ne dai zai fara yi: a wanke lagireto, a mai da tamostat mai kyau, a mai da fanka kan na'urarta, a jona wayoyin salansa.