Goshin da Ba Ya Motsi

Wata kasuwa ta shigo wayoyinmu ba sallama. Ka buɗe Instagram ko TikTok sai ka ga mace kwance a kujerar wani shagon gyaran fata a Abuja ko Legas, ana tsira mata 'yar siririyar allura a goshi da tsakanin gira. Sunan abin Botox, alkawarinsa kuwa shi ne tamoji zai ɓace. Da tsofaffi kaɗai ake zawarci da sauƙi, amma yanzu mu ake nema, 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Ana ce mana mu fara da wuri don rigakafi. Rigakafin me? Tsufa ba ƙyanda ba ne.

Abin da ke cikin sirinjin guba ce da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, irin wadda ke sa gurɓataccen abincin gwangwani ya hallaka mutum. Aikinta shi ne ta tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai tsokar ta shanye na wani lokaci. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, ya fara gwada ta da ɗan mitsitsin awo don gyara harara-garke, hukumar magunguna ta ƙasar ta amince a 1989. Wata likitar ido kuma a Kanada, Jean Carruthers, ta lura goshin majinyatanta na miƙewa, a 2002 aka ba da izinin amfani da ita don kwalliya. Ba mu da faɗa da magani. Har yau ana taimakon yara masu sanƙarewar gaɓoɓi da masu matsanancin ciwon kai na ɓari ɗaya da wannan allura, muna gode wa Allah saboda haka. Faɗanmu da masu mayar da lafiyayyar fuska majinyaciya ne don su samu ciniki.

Ciniki ne kuwa mai ɗorewa, domin ƙarfin allurar wata uku ne zuwa huɗu, sai tsoka ta farfaɗo, a koma a sake biya. Wadda ta fara tana da shekara 25, tana zuwa sau uku a shekara, kafin ta kai 60 ta biya fiye da sau ɗari. Akwai kuma haɗari. Fatar ido kan saki ta rufe rabin ido na makonni. A 2009 hukumar ta Amurka ta tilasta a buga gargaɗi a kwalin maganin cewa gubar na iya yaɗuwa ta hana haɗiya da numfashi, a 2024 kuma an kwantar da mutane a asibiti a can bayan an yi musu allurar jabu. Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 don kwalliya tun 2021. Idan jabu ya ratsa Amurka, ina ga nan, inda muka san tarihinmu da jabun magunguna, ga shi Botox na bukatar firji, wuta kuma sai ta ga dama?

Amma ko da allurar ta gaske ce, hannun kuma na ƙwararre, muna da magana. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ku karanta Nehemiya sura 2. Mai shayar da sarki ya shiga gaban Artashate da baƙin cikin rushewar Urushalima, bai furta kome ba, sarki ne ya gani a fuskarsa ya tambaya. Daga wannan tambaya aka samu izinin sake gina garu. Romawa 12 ta umarce mu mu shiga kukan masu kuka da murnar masu murna, aikin nan kuwa rabinsa gira da goshi ke yi. Wanda ya taɓa zaman makoki ya san ba kalmominmu ke ta'azantar da gwauruwa ba, yawancinsu ma ba ta ji. Fuskarmu take kallo. Tsokokin da allurar ke kashewa su ne na tausayi, na mamaki, na ɓata rai a gaban mugunta. Layukan da ake gogewa kuwa sawun wannan aiki ne na shekaru. Ubangijinmu da ya tashi daga matattu da jikin ɗaukaka bai shafe tabon ƙusoshi ba, da su Toma ya gane shi.

Wani zai ce, to kwalli fa, da lalle, da jan baki? Ba ma hana kowa ado, ba kuma mu ce wadda ta yi allura ta fita daga alheri ba. Sai dai kwalli ƙari ne a kan ido, ido kuma yana ci gaba da aikinsa, da dare a wanke. Wannan kuwa raba fuska ne da aikinta, bisa koyarwar cewa ganin shekaru a jikin mutum abin kunya ne. Karin Magana 16:31 ta ɗauki furfura a matsayin rawani. Koyarwa biyu ke nan, ba za su zauna a kai ɗaya ba.

Mu ne kuma muke share wa kasuwar nan fili. Mu ke gaida mace bayan sujada da "kai, ba kya tsufa", kamar wadda ta tsufa ta yi laifi. Samarinmu ke tura hotunan ba'a game da yamutsattsun fuskoki, sannan su yi mamakin yadda 'yan'uwa mata suka rungumi man bilicin. Hotunan taronmu ma sai an goge su a waya har iyayenmu na zumuntar mata su koma kamar 'yan tsana kafin a ɗora. Muna roƙon sashen yaɗa labarai na zumunta su daina wannan daga ranar Lahadin nan, su ɗora hotunan yadda aka ɗauke su.